Jiƙaƙƙen Tsumma a Kan Bobin

Ina kwance ƙarƙashin mota ina ɗaure bututun hayaƙi da waya sa'ad da salula ta yi ƙara a aljihuna. Yayana ne Maman, daga ƙauye.

"Illo, Hajiya ta cika," in ji shi. "Ɗazun nan, bayan ta sha kunu. Ka ɗauko Inna Ummu, ku taho da kayanta. Mun sa a hwara ginar kushewa."

Na ce to. Na mayar da salular aljihu, na ƙarasa ɗaurin da nake yi, don in na bar shi haka bututun zai faɗi a hanya. Sai da na fito na kakkaɓe rigata sannan na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bakina ne kawai ya faɗa. Na tsaya ina jira in ji wani abu ya motsa a ƙirjina, ban ji komai ba, sai ƙaiƙayin yashi a ƙeyata.

Kayan da Maman ke nufi kowa a gidanmu ya san su. Shekarar da mahaifiyarmu, Hajiya Atika, ta sauke farali, sauran mata sun dawo da haƙorin Makka da dardumai, ita kuwa ta dawo da likkafaninta. Farin yadi ne, ta tsoma shi da hannunta cikin ruwan zamzam, ta shanya shi a can ya bushe, ta haɗo da 'yar gora ɗaya ta zamzam ɗin. Suna ƙasan akwatinta na ƙarfe, nan gidana a Madarumfa. Duk ƙarshen damina sai ta fito da yadin ya sha iska, ta turara shi, ta naɗe, ta maimaita mana wasiyyar da muka haddace tun tuni: a cikin wannan za a sa ta, ƙanwarta Ummulkhairi, wato Inna Ummu, ce za ta yi mata wanka, kuma a yayyafa mata ruwan gorar kafin a ɗaure. Nakan tsokane ta in ce yadin zai ruɓe ya bar ta da rai. Takan ce in je in ji da tsohuwar motata.

Makon da ya wuce ta tafi ƙauyenmu, can bayan Safo, sunan 'yar da aka haifa wa Maman. Matata Sa'adatu ta tambaye ta cikin wasa ko za ta tafi da akwatin, ta ce wane mahaukaci ke zuwa suna da likkafani.

Sa'adatu ce ta buɗe akwatin, tana kuka har ta kasa zare kwaɗon. Ni ina bakin ƙofa ina lissafin inda zan ajiye ƙullin a mota kada ya taɓa maiko. Muka bar ta a gida saboda masu zuwa gaisuwa. Inna Ummu kuwa na tarar da ita zaune a ƙofar gidanta, can wajen tafki, ta riga ta yafa mayafi. Mace ce mai jiki, gwiwoyinta sun daɗe da ƙin aiki, sai da na tallafe ta ta shiga gaba. Ta karɓi ƙullin ta ɗora a cinya, ta dafe shi da hannu biyu.

"Mu tahi," ta ce.

Motar Fijo ce ta babanmu, ta girmi matata. Da ita nake jigilar 'yan kasuwa tsakanin Madarumfa da Maraɗi da Ɗan Isa, kuma na san kukanta fiye da yadda na san na 'ya'yana. A 'yan kwanakin nan takan yi ɗan tari in rana ta take, ta ɗauke numfashi ta dawo. Ban ɗauke shi da zafi ba. A garin nan, in motar mutum ta yi tari, kafin ya buɗe kapo ya leƙa inji ya riga ya zagi wanda ya sayar masa da mai. Man bakin hanya muke sha, isansi muke ce masa, na cikin kwalabe da bidon, wato jarka, wani da ruwa, wani da kalanzir, wani da ƙasar da ya kwaso tun daga iyaka. Yawanci kuwa gaskiyarmu ce, shi ya sa ba ma duba wani wuri.

Da safen nan lafiya lau ta tashi. Muna kan jar hanya motar ba ta ce uffan ba. Sai da muka sauka hanyar amalanke, mai yashi, inda dole a ja ta da ƙaramin giya injin ya yi ta gurnani, sannan ta fara. Ta ɗauke wuta ta dawo, ta fizge mu gaba, ta sake ɗaukewa. Na taka mata mai, ta yi harbi ta baya kamar bindigar toka, ta mutu a tsakiyar gonakin gero.

"Mi ya hwaru?" in ji Inna Ummu.

"Isansi ne, Inna. Datti ya toshe mata maƙoshi. Yanzun nan."

Na buɗe kapo, na kwance saman karbirato, na ciro 'yar ƙusar nan mai rami wadda mai ke bi ta cikinta. Na ɗaga ta sama na leƙa, na ga kamar akwai ɗan baƙi, ko kuma idona ne ya so ya gani. Na busa ta da baki, na tofar da ɗacin, na mayar da komai a hankali don kada wata ƙusa ta faɗa yashi. Gonakin shiru. An daɗe ba a yi ruwa ba, geron ya naɗe ganye, manoma sun bar noma sun koma jiran sama. Na murɗa makulli, ta tashi tangaram, kamar ba ita ba.

"Wanke hannunka kahin ka shigo," in ji Inna Ummu. "Kada ka zo kusa da kayan nan da wannan ɗoyi."

Na ɗauko bidon ɗin ruwan da ke baya, wanda bai kai rabi ba saboda gaggawar da muka fito da ita. Na wanke hannu da fuska, na kurkure baki, sauran na juye wa radiyato don na ga ta sha. Na jefa bidon ɗin baya wayam, muka ci gaba.

Ba mu yi nisan da muka yi da farko ba ta sake. Tari, fizga, harbi, shiru. Na zauna riƙe da sitiyari ina kallon hanya. Ya kamata in ji tsoro ko haushi, amma abin da na lura da shi kawai shi ne wani ƙuda da ke yawo a kan gilashi, da hannun Inna Ummu da ke shafa ƙullin sannu sannu.

Ina cikin kwance karbirato karo na biyu sai ga mai babur ya taho daga bayanmu, ya ɗaure bidon-bidon na mai gaba da baya har da ƙyar ake ganin kansa. Na san shi, Ɗan Baba ne, mai kai mai ƙauyuka. Ya tsaya ya dafa ƙasa da ƙafa, ya gaishe mu, na faɗa masa abin da ke tafe da mu. Ya cire hula ya yi addu'a, sannan ya leƙa injin.

"Wurin wa ka sha isansi?"

Na faɗa masa.

"Ai ka ji! Wannan mutumen ruwa shika saidawa, isansin kyauta ne. Busa ba ta yi maka, sai an zubda na ciki duka."

Na yarda da shi nan take, don abin da nake so in ji ke nan. Muka zare tiyon mai, muka tsiyaye abin da ke cikin karbirato a yashi, ya zuba kaɗan a tafin hannunsa ya shinshina, ya girgiza kai kamar likita. Ya kwance bidon ɗaya ya ƙara mini nasa a tanki, ya ce wannan ko jirgin sama zai sha. Aikin ya ci lokaci, don igiyoyin da ya ɗaure kayansa da su sai da aka warware su duka aka sake ɗaurewa.

Muna cikin haka Maman ya kira.

"Kuna ina? An gama kushewa. Mutane sun taru tun ɗazu, ga hadari ya haɗo gabas. Liman ya ce in ruwa ya sauka ramin cika zai yi."

"Ga mu nan kusa, Yaya. A ɗan jinkirta muna."

"Illo, ka san ba a aje gawa."

"Na sani. Ga mu nan."

Ɗan Baba ya ji komai. Ya ce in muna so ya wuce da ƙullin, hanyarsa ce, kafin mu iso an fara shiri. Na juya na kalli Inna Ummu. Ta dubi babur ɗin, ta dubi bidon ɗin da mai ke naso a jikinsu yana ɗiga bisa taya.

"Kayan Makka bisa wannan?" ta ce. "Ta je gaban Ubangijinta tana warin isansi? Kuma wa za shi naɗe ta, kai? Ni ta ce. Hannuna ta ce."

"Inna, ko don lokaci..."

"Ba ka ce yanzu za ta tashi ba?"

Na ce haka ne. Na shiga na murɗa makulli, ta tashi da bugu ɗaya, muryarta sumul. Ɗan Baba ya buga kafaɗata yana murmushi, ya ce bai faɗa mini ba? Ya hau babur ɗinsa ya yi gaba, muna ganin bidon ɗinsa suna rangaji har gero ya rufe shi.

Karo na uku ko kwanar gaba ba mu kai ba. Amma wannan karon da ta fara ban taka mata mai ba. Na tsaya, na bar ta tana aiki a tsaye tana ɗingishi, na fita da sauri na buɗe kapo. Man Ɗan Baba ne a cikinta, karbirato an wanke shi sau biyu, saboda haka ko ni da taurin kaina na san ba nan ba ne.

Babanmu ya koya mini yadda ake gane silinda da ta mutu. Wayoyi huɗu ne ke fita daga delko, mai raba wuta, zuwa buji huɗu, wato filogi. Ka zare su ɗaya bayan ɗaya injin na aiki. Wadda ka zare muryar injin ta ƙara lalacewa, wannan tana aiki. Wadda ka zare ba abin da ya canza, ita ce matacciyar, sai ka duba bujinta ko wayarta. Na zare ta farko, injin ya ƙara ɗingishi. Na mayar. Ta biyu haka, ta uku haka, ta huɗu haka. Babu matacciya a cikinsu, kuma babu mai lafiya. Ciwon yawo yake yi, ya taɓa wannan ya koma waccan.

A ta huɗun yatsana ya zame ya taɓa ƙarfen bakin wayar. Wanda ya taɓa shan wannan wuta ya san ta, sai ka ji ta har cikin haƙora, ka yi ashar ba ka sani ba. Ni kuwa ɗan cizo na ji kamar na cinnaka. Ina tsaye ina kallon yatsan injin ya yi shiru.

Na ɗauko kile, wato sifana, na kwance buji ɗaya. Bakinta baƙi ne, jiƙe sharkaf da mai. Na kwance ta kusa da ita, haka. Ashe mai yana zuwa har ya yi yawa, abin da zai kunna shi ne babu.

Wutar nan daga wuri ɗaya take fitowa, daga bobin, wani ɗan gwangwani mai tsawon tafin hannu da ke ɗaure a gefen injin. Shi ke karɓar ƙaramar wutar batir ya mayar da ita babba, ya aika wa delko ta waya ɗaya mai kauri, delko ya raba wa buji. Na zare wayar daga kan delko, na riƙe ta da filaya kusa da ƙarfen injin. Sai na tuna ba ni da mai murɗa mini makulli.

"Inna, miƙa hannunki nan. Kin ga makullin? Murɗa shi kamar za ki buɗe kwaɗo, ki riƙe, in na ce saki ki saki."

"Ni ban taɓa ba, ɗan nan."

"Ba komi. Murɗa."

Ta dafe ƙullin da hannu ɗaya, ta miƙa ɗayan, ta yi bisimilla ta murɗa. Injin ya yi ta juyawa. Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana tsalle tana ƙara ƙas ƙas, ko da rana ana ganinta. Wannan sai da na kare ta da inuwar hannuna sannan na gan ta, ja, siririya, ta fito sau ɗaya ta ɓace, ta sake fitowa da ƙyar. Na ce Inna ta saki. Na kai hannu na dafa jikin bobin ɗin, na janye ba shiri. Ya yi zafin da za a iya gasa masara a kai. Na duba wuyansa, ga 'yar tsaga, man da ke cikinsa ya tsattsafo ya kama ƙura.

Nan na gane duk abin da ya faru tun safe. Tsohon bobin in ya gaji, da sanyi yana aiki, in ya ɗau zafi sai wutarsa ta mutu. Duk tsayawar da na yi ina busa karbirato, shi hutawa yake yi yana hucewa. In na gama sai motar ta tashi, ni kuma in yaba wa kaina. Ni da Ɗan Baba ba abin da muka gyara. Lokacin Hajiya kawai muka tsiyaye a yashi.

Na faɗa wa Inna Ummu, ban san dalili ba, dalla-dalla, kamar wadda za ta buɗe gareji. Ta saurara har na gama.

"To mi ne maganinshi?"

"Sabo. Shi kuwa sai Maraɗi. In babu, a naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma, shi huce, a riƙa jiƙawa har a kai gida. In ba haka ba sai mu zamna mu jira shi huce don kanshi, mu yi 'yar tahiya, shi sake."

"To jiƙa mana."

Na ɗaga mata bidon ɗin, na juya shi ƙasa. Ko ɗigo. Ruwan radiyato tafasa yake. Na tona yashin gefen hanya da hannu ko zan sami damshi, har wuyan hannuna busasshe ne. Babu rijiya, babu bukka, babu ko akuya. Wani direban da sai ya juya baya ya jiƙa tsumman da abin da ya sawwaƙa, amma ni tun safe ban sa komai a cikina ba, ga kuma abin da ke cikin motar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, ruwa ga shi can a sama tuli guda, mu kuma muna ƙasa ba mu da cikin cokali.

Da na dawo na tarar Inna Ummu ta kwance bakin ƙullin. Ƙamshin turaren Hajiya ya cika motar. Ta zaro 'yar gorar, ta sa haƙori ta yage gefen ɗankwalinta, ta ja shi ya tsage har ƙasa, ta miƙo mini duka biyun.

"Inna, wannan na yayyahi ne."

"Na sani. Ni ina can sa'ad da anka ɗebo shi? A'a. Amma ina wurin duk shekara tana hwaɗin wasiyyarta." Ta ƙara miƙo su. "Yadin ya riga ya sha nashi can. In bai isa gare ta ba, ruwan ga mi za shi jiƙa? Amshi."

Na karɓa. Murfin ya daɗe a rufe, sai da na sa filaya. Na ninka tsumman, na naɗe jikin bobin ɗin da shi, na kauce wa bakin wayoyin, na ɗaure. Na yi bisimilla na tsiyaya ruwan a hankali. Ya yi cuu, tururi ya tashi ya bugi fuskata. Ruwan da tsohuwa ta ɗauko daga Makka ta yi shekaru tana ajiya, ga shi yana bin jikin gwangwani yana ɗiga kan maiko. Na tsaya ina kallo, ina jiran zuciyata ta ce wani abu. Abin da ta ce kawai shi ne kada in zuba duka, in rage na gaba.

Na goge bujin da na kwance na mayar. Na dafa bobin, zafin ya sauka. Na sa Inna ta sake murɗawa, wutar ta yi tsalle shuɗiya, ƙas. Na mayar da wayar, na sa dutse ƙarami a bakin kapo don iska ta riƙa shiga, na ɗaure shi da igiya. Ta tashi.

Na tuƙa ta kamar mai ɗauke da ƙwai. Da na ji alamar za ta fara, na tsaya ban kashe ta ba, na juye mata sauran ruwan, na miƙa wa Inna gorar wayam, ta mayar da ita cikin ƙullin ta ɗaure. Daga nan motar ba ta ƙara tari ba. Iska ta taso tana kaɗa geron. Salula ta yi ƙara a aljihuna, ta katse, ta sake yi. Ban ɗaga ba. Na gaya wa kaina hannuna biyu na kan sitiyari ne saboda yashi.

Maƙabartar ƙauyenmu tana gefen hanya kafin a shiga gari. Tun daga nesa na hango mutane, na rage gudu. Suna tafe a jere, wasu da fartanya a kafaɗa, wasu da kwanduna. Fuskarsu gari take kallo. A tsakiyarsu samari biyu na ɗauke da makara, hannu ɗaya ɗaya, tana lilo.

Inna Ummu ta gani. Hannunta ya daina shafa ƙullin.

Na tsaya. Maman ya fito daga cikin mutane, ƙafafunsa duk ƙasa, ya zo ya dafa ƙofar motar. Bai kalle ni ba, ƙullin yake kallo.

"Mun jira, Illo. Wallahi mun jira. Na yi ta kira. Da iskan ga ta taso liman ya ce haƙƙinta ne a kai ta." Ya haɗiye miyau. "Alawayyo munka samu nan kanti. Sabo ne. Mai kyau ne."

"Wa ya yi mata wanka?" in ji Inna Ummu.

"Matata, uwar Rakiya, da maƙwabta."

"Sun tsehe mata kitso?"

"Ban sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. Mutane suka kewaye motar suna ta Allah ya jiƙanta, Allah ya ba da haƙuri, ina amsawa amin amin, ina miƙa hannu ta taga. Har muka isa ƙofar gidan Maman, aka tallafi Inna aka shiga da ita, ban kashe motar ba. Ina zaune ƙafata na kan mai ina lallashinta kada ta mutu. Tana ta aiki sumul, silinda huɗu cif, ba ta taɓa yin daɗin murya irin na ranar ba. Sai da wani dattijo ya leƙo ya ce, "Direba, akwai inda za ka kuma?" sannan na murɗa makullin.

Na buɗe kapo na kwance tsumman. Da ɗuminsa, gefe ɗaya ya yi baƙi. Na dunƙule shi a hannu na koma maƙabarta da ƙafa, Maman na biye da ni. Ya nuna mini tudun, sabuwar ƙasa, an jera ƙaya a kai saboda dabbobi. Na yi mata addu'ar da ta zo bakina. Sannan na tsuguna ta wajen kai, na murɗe tsumman da duk ƙarfina. Bai ɗiga ba. Na sake murɗewa har yatsuna suka yi fari. Damshi kawai ya bari a tafin hannuna, mai warin inji. Na ɗaga ƙaya ɗaya, na kifa tafin a kan ƙasar, na bar shi nan ɗan lokaci.

"Mi ke nan?" in ji Maman.

"Saƙonta ne," na ce.

Kafin mu kai gida ruwa ya kece. Irin ruwan da aka yi makonni ana roƙo, har masu zaman makoki a zaure sai da suka riƙa leƙa waje suna hamdala a hankali, ban kuwa ga laifinsu ba. Na zauna cikinsu ina amsa gaisuwa. Aka kawo fura na sha. Ina ta tunanin ko na rufe gilashin baya na motar.

Da la'asar aka ce Inna Ummu na kirana. Tana ɗakin da Hajiya ta kwana, zaune a kan tabarmarta, ƙafafu miƙe. Takalman Hajiya na nan bakin ƙofa inda ta cire su. Ƙullin na gefen Inna, ta sake naɗe shi tsaf, ta ɗaure da ragowar ɗankwalinta. Na tsaya daga ƙofa, ruwan indararo na zuba a bayana.

"Ba ni komawa Madarumfa," ta ce. "Na gaya ma Maman. Nan anka haihe mu, nan take, nan zan zamna. In ka koma ka sa Sa'adatu ta haɗo min kayana."

"Inna, gidanki fa?"

"Gida ba shi gudu." Ta ɗora hannu kan ƙullin. "Wannan kuma nawa ne yanzu. Tsawonmu ɗaya da ita. Ƙarƙashin kaina za shi kwana, ko suna za ni da shi za ni, kowa ya so shi yi dariya. Ba wanda za shi sake ɗauko shi cikin mato."

Na ce haka ya yi.

"Saura kai." Ta ɗago ta kalle ni, karo na farko tun safe. Idonta a bushe yake kamar nawa. "Ranar da tawa ta zo ba kaya za a jira ba, kai za a jira. Ba ka ga huskar uwarka ba. Ina so ka ga tawa. Gobe ka tahi Maraɗi ka sayi wannan gwangwanin."

Na buɗe baki in ce to, kamar yadda na ce wa Maman da safe. Kalmar ta ƙi fita. Na sake gwadawa, sai na durƙusa a bakin ƙofar kusa da takalman, tsumman na nan cikin hannuna ban san ban yar da shi ba. Inna Ummu ta ja jiki ta matso, ta ɗora hannu a kaina, ta bar shi nan.